Dokin Barlin Ba Zai Ɗauki Wannan Kaya Ba: Martani Kan Jin Maganar Dabbobi

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina bin alƙalaminsa, ya yi rubutu kwanan baya yana yi wa masu kiwon kare da kyanwa dariya. A ganinsa, duk mai cewa dabbarsa tana gane abin da yake faɗa mata kansa yake yaudara. Dabba, in ji shi, amon murya kawai take bi: ka zagi kare da fara'a ya kaɗa maka wutsiya, ka yabe shi da tsawa ya noƙe a bayan randa. Batun wai kare na iya bambance wannan harshe da wancan kuwa, Malam ya kira shi aikin Turawan da suka ƙoshi har suka rasa inda za su kai kuɗi. Sannan ya kafa hujja da labarin Hans, dokin nan na Jamus da aka taɓa cewa ya iya lissafi, daga baya asiri ya tonu.

Allah ya gafarta Malam, rubutun ya yi daɗin karatu, amma an yi wa abubuwa dabam-dabam kuɗin goro a cikinsa.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma har hujja zan ƙara masa. A shekarar 2009, Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard da ke New York ta gwada karnuka 14. Mai kare zai hana karensa taɓa wani abinci, ya fita daga ɗakin. In ya dawo sai a ce masa kare ya ci ko bai ci ba, wani lokaci gaskiya, wani lokaci ƙarya. Sai ga shi sunkuyar da kai da satar kallon nan da masu kare ke ɗauka kunyar laifi ce, faɗan mai gida ne ke jawo ta. Karen da bai taɓa komai ba aka yi masa faɗa ma ya fi wanda ya ci nuna nadama. Haka nan bidiyoyin da ke yawo a TikTok na karnuka masu taka maɓallai wai suna haɗa jimla, ni ma ba na sayensu da tsada, domin wanda ya ɗauki hoton shi ya zaɓi minti ɗayan da zai nuna mana cikin yini guda. Mutum yana da saurin jingina wa dabbarsa tunanin da ke cikin kansa. Wannan babu gardama.

Amma tunda Hans ne sandar da Malam ya dogara a kanta, sai a ba da labarin har ƙarshensa, don Malam a tsakiya ya ajiye shi.

Mai dokin, Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi ne a Barlin. Yakan tambayi dokinsa tarawa ko ɗebewa ko kwanan wata, doki ya buga kofato a ƙasa har ya kai adadin amsar ya tsaya. A 1904 aka kafa kwamitin mutum 13, cikinsu har da likitan dabbobi da hafsan sojan doki da mai gidan wasan dabbobi da shugaban gidan namun dajin Barlin. Suka duba, suka ce ba su ga wata almundahana ba. Kuma gaskiya suka faɗa, domin von Osten ba ɗan damfara ba ne. Shi kansa ya yi imani dokinsa na lissafi. Sai wani matashin mai nazarin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya zo da tambaya mai sauƙi: yaya doki zai yi idan mai tambayar shi kansa bai san amsar ba, ko idan aka rufe wa dokin ido bai ga mai tambayar ba? Nan Hans ya rikice. In mai tambaya ya san amsa, dokin kan dace kusan sau 89 cikin 100. In bai sani ba, sai ya faɗo wajen sau 6 cikin 100. Ashe mutum kan ɗan sunkuya yana jiran kofato, in bugun ya kai adadin da yake so sai ya saki jiki, kansa ya ɗan ɗago da abin da bai kai faɗin farce ba. Wannan dokin ke karantawa. Abin mamakin shi ne Pfungst kansa, bayan ya gano sirrin, ya kasa hana jikinsa ba dokin alama. Ya wallafa bincikensa a 1907.

To ga abin da Malam ya tsallake. Tun daga wannan lokaci babu mai bincike da ya san ciwon kansa da zai gwada dabba alhali tana ganin wanda ya san amsa. Sunan Hans ya zama gargaɗin farko da ake yi wa ɗalibi a wannan fage. Yawancin gwaje-gwajen da zan ambata a ƙasa an tsara su ne yadda za su toshe wannan ƙofa. Ɗauko hujjar 1907 a jefi aikin da aka gina a kan darasin 1907 ba zai yi ba, ai karen bana shi ke maganin zomon bana.

A 2004 mujallar Science ta buga aikin Juliane Kaminski da abokan aikinta na cibiyar Max Planck da ke Leipzig, a kan wani karen kiwon tumaki mai suna Rico, wanda masu shi suka ce ya san sunayen kayan wasa kusan 200. Aka zuba kayan a ɗaki guda, mai kare yana wani ɗakin dabam, bai ma san yadda aka jera su ba. Daga can zai ce a ɗauko abu kaza. Rico ya dace sau 37 cikin 40. Sai aka saka wani sabon abu cikin waɗanda ya sani, aka kira masa sunan da bai taɓa ji ba. Sau 7 cikin 10 ya ɗauko sabon. Wato kamar ya duba ya ga waɗannan duk ya san sunayensu, baƙon suna kuwa sai dai na baƙon abu. Ina amon murya a nan? Mai kare da murya ɗaya yake cewa a kawo ƙwallo ko a kawo 'yar tsana. In da amo ne kaɗai ke aiki, da duk abin da bakinsa ya fara kaiwa gare shi zai kwaso.

Bayan Rico sai Chaser, karya ce ita, ta wani farfesa mai ritaya a Kwalejin Wofford ta jihar Karolina ta Kudu a Amurka, John Pilley. Shekara uku yana koya mata, awa huɗu zuwa biyar kullum, har ta san sunayen abubuwa 1,022. Shi kansa farfesan sai da ya riƙa rubuta suna a jikin kowane abu don kada ya manta. Abin da ya fi yawan sunayen muhimmanci a wurina shi ne wani gwaji ƙarami da aka yi mata: umarni uku, ɗauko, taɓa da ƙafa, taɓa da hanci, aka riƙa gwama su da sunayen abubuwa ta hanyar da ba a taɓa gwama mata ba. Ta raba sunan abu da sunan aiki, ta yi kowanne daidai.

Na san abin da Malam zai ce, kuma yana da hujja: waɗannan gwanaye ne, ba a auna gari da mutum ɗaya. Haka ne. A binciken da aka buga a 2021, Claudia Fugazza da tawagarta a Budapest sun shafe wata uku suna koya wa karnukan gida na yau da kullum sunayen kayan wasa biyu kacal, kusan dukansu suka kasa. Rico da Chaser ba su da yawa a duniya. Sai dai Malam bai ce yawancin karnuka ba su iya ba. Cewa ya yi dabba ba ta iyawa. Wannan magana kuwa kare ɗaya ya isa ya rushe ta.

Kuma ko karnukan da ba gwanaye ba, an leƙa cikin kawunansu. A Jami'ar Eötvös Loránd ta Budapest, ƙasar Hangari, Attila Andics da mutanensa sun horar da karnuka 13 su kwanta shiru ba ɗauri ba allurar barci a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa shiga wannan na'ura ya ji ƙugin da take yi ya san wannan kaɗai aiki ne. Sai aka yi musu daidai gwajin da Malam ya kafa hujja da shi: kalmar yabo da muryar yabo, kalmar yabo da murya a sake, kalmar da ba ta nufin komai ga kare da muryar yabo, da kuma ita ɗin da murya a sake. A sakamakon da aka buga a 2016, ƙwaƙwalwar kare ta bi kalma ta wata hanya, ta bi amo ta wata, kuma sashen da ke motsawa in dabba ta sami lada ya fi kamawa ne lokacin da kalmar yabo da muryar yabo suka haɗu. Murya mai daɗi da kalmar wofi ba ta kai nan ba. (Daga baya masu binciken sun fito sun gyara wani kuskure, sun juya hagu da dama a rahotonsu na farko. Gyaran bai taɓa wannan sakamako ba, kuma fitowa a gyara ya fi ƙara mini yarda da su.) Eh, karen da ka zaga da fara'a zai kaɗa wutsiya, don bai san zagin ba, fara'ar kuwa ya santa. Wannan bai nuna bai san kalmomin da ya sani ba.

A 2024 wata tawagar a wannan jami'a, ƙarƙashin Marianna Boros, ta manna wa karnuka 18 wayoyi masu auna motsin ƙwaƙwalwa a fatar kai. Kare zai ji muryar mai shi yana ambaton ƙwallo, sannan a nuna masa abu ta wata taga, wani lokaci ƙwallon, wani lokaci wani abu dabam da ya sani. In abin da aka nuna ya saɓa da abin da aka ambata, ƙwaƙwalwar kan yi wani ɗan zabura irin wanda aka daɗe da sani a kan mutane in sun ji kalma ba a muhallinta ba. Ma'ana kalmar ta riga ta kawo masa hoton abin kafin ya gani.

Hujja mafi sauƙi ma ba ta bukatar na'ura. Da yawa daga karnukan 'yan sandan Amurka daga Turai ake sayo su da horonsu, daga Jamus ko Holan ko ƙasar Cek. Ɗan sandan da aka ba kare shi ne yakan zauna ya haddace umarnin a harshen da aka horar da karen. In da amo ne kawai, me zai hana ya daka tsawar da Ingilishinsa a wuce wurin?

Iyaka kuwa tana nan, kuma masu binciken ne da kansu suka shata ta. A 2020 Lilla Magyari ta nuna cewa ƙwaƙwalwar kare na raba kalmar umarni da ya sani da wata ƙirƙirarriyar kalma mai nisa da ita, amma in sauti ɗaya kawai aka canza a cikin kalmar, ba ta lura. Kamar dai jaririn da bai wuce shekara da 'yan watanni ba. Wataƙila shi ya sa kare ke tsufa da kalmomi kaɗan alhali yaro ɗan shekara uku ya riga ya yi masa fintinkau. Babu karen da zai gane “da a ce jiya ka zo”. Babu kyanwar da za a ba labari ta riƙe.

Yanzu sai batun harsuna, inda nake ganin Malam ya fi yin nisa da hanya. Ya ɗauka cewa a bambance harshe biyu daidai yake da a iya su, sai ya yi ta dariyar karen da wai ya iya Sifaniyanci. Babu wanda ya faɗi haka. Bahaushen da ke da rumfa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wanda bai iya ko gaisuwa da Yarbanci ko harshen Ibo ba, in mutum biyu suna ciniki a bayansa, ba sai ya waiwaya ba zai gaya maka wanne ake yi. Kunnensa ya saba da tafiyar kowanne, inda yake hawa, inda yake sauka, irin sautukan da ke yawan maimaituwa. Ma'ana ba ta shigo ba tukuna.

An daɗe da sanin wannan a kan ɗan Adam. A 1988 Jacques Mehler ya nuna cewa jariran Faransa 'yan kwana huɗu suna bambance Faransanci da Rashanci, ta hanyar auna yadda suke tsotso in sun ji kowanne. Jaririn kwana huɗu bai san kalma ko ɗaya ba. A 2005 kuma Juan Toro da abokansa a Basalona suka koya wa ɓeraye danna wani ƙarfe in sun ji harshen Holan, wasu kuma in sun ji Japananci. Ɓerayen suka iya, har da jimlolin da ba su taɓa ji ba. Da aka juya sautin yana tafiya da baya, suka kasa. In ɓera ya iya, me zai sa a yi mamakin kare, wanda ya yi dubban shekaru yana kwana a ƙofar mutum yana sauraron hira?

Binciken da Malam ya yi wa ba'a shi ne na Laura Cuaya, 'yar ƙasar Meziko da ta koma Budapest aiki tare da karenta Kun-kun, wanda bai taɓa jin komai ba sai Sifaniyanci. Ita ce ta tambayi kanta ko karen ya lura mutanen sabon garin wani abu dabam suke yi da bakinsu. Aka sa karnuka 18 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, 16 sun tashi cikin harshen Hangari, biyu cikin Sifaniyanci. Aka kunna musu karatu daga littafin nan na Antoine de Saint-Exupéry mai labarin ɗan ƙaramin yarima, a harsunan biyu, da kuma irin karatun an daddatsa shi an cakuɗa har ya daina kama da magana. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ya raba magana da cakuɗaɗɗen sauti, wani sashen kuma ya raba harshen da kare ya saba ji da baƙon harshe, kuma bambancin ya fi fitowa a tsofaffin karnuka, waɗanda suka fi daɗewa suna sauraro. An buga shi a farkon 2022. Karnuka 18 ba su da yawa, in Malam ya ce a ƙara, ina bayansa. Amma “a ƙara gwadawa” dabam, “tatsuniya ce” dabam.

Giwa ba dabbar gida ba ce, sai dai labarinta ya yi kyau da yawa a bar shi. A gandun Amboseli na Kenya, mazan Masai makiyaya ne, sukan soki giwa da mashi in rikici ya taso kan ruwa ko kiwo. 'Yan Kamba kuwa manoma ne, ba su cika taɓa ta ba. Karen McComb da Graeme Shannon na Jami'ar Sussex suka ɗauki muryoyin mutanen ƙabilun biyu suna faɗin jimla ɗaya cikin natsuwa, kowa da harshensa, suka kunna wa garkunan giwaye ta lasifikar da aka ɓoye. Muryar namijin Masai ta fi sa su curewa wuri ɗaya suna ɗaga hanci suna shaƙar iska. Muryar ɗan Kamba ba ta dame su haka ba, haka ma muryar mace ko yaro na Masai. An buga wannan a 2014. Babu wanda ya horar da waɗannan giwaye, babu fuskar da suka karanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun Malam shi ne mayar da maganar ta Turawa. Malamanmu na fiƙihu sun tattauna karen farauta tun ƙarnoni, bisa ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo. Da suka zo bayyana wane ne horarren kare, sai suka ce wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Hukuncin halal da haram ne aka ɗora a kan cewa dabba tana raba umarni da umarni. Mafarautanmu kowane kare da sunansa. Bafulatani kuwa yana raɗa wa shanunsa suna, galibi bisa launi ko bisa uwa, ya kira ɗaya a cikin garke ita ce za ta ɗago. Ka je ka ce masa saniyarsa amo kawai take ji, ka ga kallon da zai yi maka. Abin da masu na'ura suka ƙara shi ne awo, da kuma nuna inda abin ya tsaya.

Ina zargin abin da ke ƙasan rubutun tsoro ne, kada a rage wa ɗan Adam daraja. Tsoron ya daɗe. Tun 1637 René Descartes ya ce dabba na'ura ce kawai, ya kafa hujja da cewa aku na furta kalma ba tare da nuna ya san abin da yake faɗa ba. Mu da muka tashi da akun Magana Jari Ce mun san aku mai hikima a littafi yake, na keji kuwa maimaici ne. Amma Irene Pepperberg ta sayi wani aku mai toka-toka, irin namu na Afirka, a wani kanti a Chikago a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Za a ɗora masa abubuwa a faranti a tambaye shi launin wannan, ko siffar wancan, ko guda nawa ne, ko mene ne ya haɗa abu biyu, ya ba da amsar da ta dace da tambayar. Ya san launi bakwai, siffa biyar, da ƙidaya har shida. Wannan bai mai da shi mutum ba, bai kuma rage wa Malam ko harafi ɗaya na baiwar da Allah ya yi masa ba. Yaro ɗan shekara huɗu na faɗin abin da ba a taɓa faɗa ba, ya yi ƙarya, ya yi alkawari, ya tambayi inda kakarsa ta tafi bayan ta rasu. Tazarar ta isa haka, ba sai an ƙara mata da musun abin da aka auna ba.

Kyanwa na bari a ƙarshe don ita ce Malam zai iya gwadawa da kansa, muddin an raɗa mata suna, abin da yawancin kyanwoyin gidajenmu ba su samu ba. Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia a Tokiyo ta yi gwajin da kyanwoyi 78, aka buga a 2019, kuma waya kaɗai yake bukata. A ɗauki murya ana faɗin kalmomi huɗu masu tsawo da karin sauti irin na sunan kyanwar, da daƙiƙa 15 tsakanin kowace, sannan na biyar ya zama sunanta, duk da murya iri ɗaya. Kalmar farko takan sa ta juya kunne, kafin ta huɗu ta daina kulawa, sai a ga me zai faru a ta biyar. A gwajin Saito hankalin kyanwoyin ya dawo a kan sunan, ko da muryar baƙo ce. Waɗanda suke zaune da yawa a gidan shan shayin da baƙi ke shiga suna kiran wannan suna shafa waccan, su ne suka riƙa rikita sunansu da na 'yan'uwansu. Sai dai kada Malam ya zauna jiran ta taso ta zo wurinsa. Ko a Tokiyo yawancinsu kunne da kai kawai suka motsa, suka ci gaba da kwanciyarsu.